Habsa Ta Yi Ta Kira

Alhamis, da hantsi

Ba za a yanke ƙafar Habsa ba. Infirmiya mai jinyar ɗakinsu ce ta faɗa mini a barandar likita, wato asibiti. Na ce ta maimaita, ta maimaita tana duban wani wuri. Ƙashin ya karye wuri biyu ƙasa da gwiwa, an ɗauki hotonsa a radiyo, an ɗaure ƙafar da platir, za ta taka in Allah ya so. Alhamdulillahi. Na yi ta faɗar haka a raina har na fito bakin titi.

Ban shiga wurinta ba. Inna Tabawa, uwar mijinta, tana zaune a ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafa ta tare hanya. Na durƙusa na gaishe ta. Na dubi bakinta sosai, bai motsa ba. Na ajiye kwanon farfesun da na kawo kusa da tabarmarta, na dawo gida a ƙasa duk da caɓin hanya.

Shekara shida ke nan katanga ɗaya ce tsakanina da Habsa. Ban taɓa zuwa inda take an tare mini ƙofa ba.

Amma ba za a yanke ba. Wannan kaɗai nake so in rubuta yau.

Alhamis, bayan la'asar

An dawo da kwanon. Ko murfin ba a ɗaga ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Bari in rubuta ranar Talata yadda take, ko don kaina.

Ruwan ya sauko bayan azahar da iska mai ƙarfi. Ni kaɗai ce a gida. Maigidana Shamsu yana wurin aikinsa a Cirozerin, sai Asabar yake zuwa. Ɗiyata Nafisa tana Tawa wurin kakarta tun da aka rufe lakwal, makarantarsu. Na rufe ƙofa da taga saboda feshi, na hau keken ɗinki. Bazan ɗin wata amarya ne a hannuna, shaddar bikinta, an ce ranar Asabar za a zo karɓa.

Ina cikin taka keke na ji wani abu a tafin ƙafata, kamar ƙasa ta ɗan motsa. Na tsaya. Na ce tsawa ce. Na ci gaba.

Madafin Habsa ne ya zube a lokacin. Ta shiga janye buhun gero kada ya jiƙe, bangon baya ya faɗo mata a ƙafa. Mijinta Tanko yana dajin zinariya. Gidan da ke ɗaya gefen nata kango ne, ba kowa a ciki. Ni ce kaɗai kusa.

Sai da na gama hannun riga na biyu na fito alwalar la'asar. Ruwa ya daɗe da ɗaukewa. Na leƙa waje na ga lungu cike da mutane, ana ɗauke da ita a tabarma za a sa a mota. Inna Tabawa ce ta zo duba ta bayan ruwa ta same ta haka. Da ta gan ni tsaye da awo rataye a wuyana, ta nuna ni da yatsa tana magana da sauri. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Duk lungun ya juyo yana kallona.

Yau ma ban taɓa keke ba. Allura tana nan tsaye cikin bazan ɗin yadda na bar ta.

Asabar, da safe

Ruwa bai zo a pampon gida ba, na ɗauki bido na tafi na bakin titi. Ina isa matan suka yi shiru. Shirun mutane ganinsa ake yi, bakuna ne ke rufewa lokaci guda. Na cika bido, ba wadda ta taya ni ɗorawa.

Da na ɗan yi nisa na waiwayo. Da na sani ban waiwayo ba. Ina iya ganin magana daga nesa, su ba su san haka ba. Wata ta ce, "Tana ji." Wata ta ce, "Dama haka take, ko gaisuwa sai ta ga dama take amsawa."

Yayar amarya ta zo ta karɓi bazan ɗin haka nan, bai ƙare ba. Ta ce za ta kai wa wani tela a kasuwa. Na cire allurar na ninke mata. Gara ma da ya bar ɗakin.

Asabar, da magariba

Shamsu ya iso. Tun a tasha aka ba shi labari. Ya ajiye jaka, ya zagayo ya zauna ta damana kamar kullum.

"Ramata, mi ya faru?"

"Ban ji ba."

"Sun ce ta daɗe tana kira."

"Na rufe ƙofa. Ga ruwa a kan tol ɗin rufi, ga keke."

Ya ce haka ne, ruwa a kan tol ko mai kunne biyu sai ya kasa ji. Ya ce bari ya je ya gaya wa Inna Tabawa maganar kunnena na hagu, kowa ya huta. Na riƙe masa riga. Na ce in ya faɗa, gobe duk kartiye, unguwa kaf, za a sa mini suna.

"To sunan da suka sa miki yanzu ya fi?"

Ya ci tuwonsa, bai sake ɗago maganar ba. Na ji sanyi da ya yarda da ni ba tare da wani dogon bincike ba.

Shi na hagun kaɗai ya sani.

Lahadi, bayan azahar

Ina ƴar shekara goma sha ɗaya sanƙarau ya shigo Tawa. Ya ɗauke ƙanena, ni ya bar ni. Da na tashi daga jinya sai duniya ta koma gefe ɗaya. Mahaifiyata ta riga ni ganewa. Ta zaunar da ni a ɗaki ta ce, "Ba wanda zai ji wannan a bakinki. Ki riƙa kallon mutum in yana magana. In ba ki gane ba, ki yi murmushi ki ce to." Ta ce tana tsoron a kira ni da wani suna, kuma mai wannan sunan ba ta auruwa. Ba ta faɗi sunan ba. Ni ma ba na faɗa.

Na ƙware kuwa. Nakan riga mutum gaisuwa don na san abin da zai amsa. A biki nakan jingina da bango don kada a yi mini magana ta baya. Ɗinki ma don haka na zaɓe shi, mace tana tsaye gabanka tana nuna abin da take so da hannu. Wuyar garin nan ɗaya ce, maza masu amawali. In Ba'abzine ya tsaya yana mini magana baki a rufe, sai dai in dubi idonsa in yi ta cewa to. Na taɓa ce wa wani mai sayar da cuku to, ya juye mini jakarsa gaba ɗaya a tabarma. Mun ci cuku har Nafisa ta tsane shi.

Tun bara na dama ma ya fara janyewa. Kiran salla da nake ji daga tsakar gida, yanzu sai dai in dubi inuwar katanga.

Litinin, da safe

Shamsu ya koma aiki. Ban fita ba. Ban taɓa keke ba.

Talata, bayan azahar

Hadari ya haɗo ta gabas. Na buɗe ƙofa da taga, na zauna a tsakar gida ina kallon katanga, alhali na san ba kowa a gidan. Ya watse bai zubo ba. Alhamdulillahi.

Laraba, da hantsi

Habsa ta aiko mini vokal.

Da na ga sunanta a waya sai da na zauna. Ke nan tana iya riƙe waya, tana iya magana, kuma ta tuna da ni. Na shiga ɗaki na ƙure murya, na manna wayar a kunnen dama. Muryarta ce, na san hawanta da saukarta, amma kalmomin kamar ana magana cikin tulu. Na kama sunana a farko. Na kama "keke". Sauran ya ƙi.

Na yi ta maimaitawa har waya ta yi zafi. Da can in an aiko mini irin wannan sai in rubuta cewa ina cikin mutane, a rubuto mini. Habsa ba ta yi lakwal ba, kuma ba ta taɓa buƙatar aiko mini saƙo ba, leƙowa take yi. Ba wanda zan iya miƙa wa wayar in ce ya saurara mini.

Yanzu wayarta ta nuna mata na saurara. Kuma ban amsa ba.

Alhamis, da la'asar

Na rubuta mata "sannu da jiki" na goge. In gafara ta nema mini a wurin Inna Tabawa fa? In zagina ta yi fa? Sannu ba ta dace da ko ɗaya ba.

Juma'a, da hantsi

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Ina wanke-wanke na ga ƙofar gida tana girgiza. Na sa mayafi na buɗe. Tanko ne, mijin Habsa, ya dawo daga daji. Ya tsaya daga waje, rawani naɗe har hanci yadda suke yi a hanya. Na yi masa barka da zuwa, na yi masa ya mai jiki. Ya fara magana.

Ina ganin ƙyallen yana shiga yana fita da numfashinsa. Ina ganin idonsa ja, hannunsa yana nuna gidansu, yana nuna ni. Ya daɗe yana yi. Sannan ya tsaya yana jiran amsa.

Murmushin ya zo bakina da kansa. "To" ɗin ma ya zo har kan harshe. Ban san abin da ya riƙe shi ba. Wataƙila idon mutumin ne. Na ji kaina ina cewa:

"Malam Tanko, don Allah ka sauke rawanin daga bakinka. Ba na ji. Sai na ga bakin mutum nake gane magana."

Akwai mata biyu tsaye a lungu, na gan su sarai.

Ya ja ƙyallen ƙasa a hankali. "Mi kika ce, Maman Nafisa?"

"Ba na ji. Na hagu ya mutu tun ina yarinya, na dama yana binsa. Ranar Talata ban ji ta ba. Da na ji, da hannuna zan tono ta."

"Duk abin da na faɗa yanzu fa?"

"Ko ɗaya ban ji ba."

Ya dafa bango. Sai ya maimaita mini a hankali, yana kallona. Ya ce in an sallami Habsa barin kartiyen za su yi, har ya sa a nema musu ɗaki a Tudu. Ya ce bai so ya tashi bai ji daga bakina ba. Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ko da gangan na ƙyale ta.

Ita ce na kusa ce wa to.

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Ya ce zai gaya mata yanzu-yanzu. Ya tafi da rawanin a wuya.

Juma'a, da magariba

Na yi barci tun bayan azahar har la'asar ta kusa wucewa, irin barcin da na manta da shi. Na tashi da yunwa. Na dafa shinkafa da wake na ci har na side kwano.

Asabar, da hantsi

Ina tsugune ina tsintar zogale sai na ga kwanon silba ya gangaro ta gefen ƙafata ya kife. Na juyo. Inna Tabawa ce tsaye a bayana, hannunta a baki.

Ashe ta shigo ta yi sallama, ta kira sunana, ta matso ta sake kira. Da ta ga ban motsa ba sai ta ɗauki kwano daga kan randa ta buga da ƙasa don ta gwada ni. Ita da kanta ta faɗa mini haka, ba kunya ba komai.

Na shimfiɗa mata tabarma. Ta zauna ta daɗe tana kallona kamar yau ta fara ganina. Sannan ta kamo kaina ta kai bakinta kunnena na hagu, wanda ya mutu, ta yi ta ihu a ciki. Iskar bakinta kawai nake ji.

"Inna, ba ihu ba. Ki zauna gabana in ga bakinki."

Ta dawo gabana. Ta ce, "Ke kuwa ɗiyar nan, mi ya hana ki hwaɗi tun tuni?"

Na ce an hana ni tun ina ƙarama. Ta ja tsaki, ban san ko ni ta yi wa ko wadda ta hana ni ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Da za ta tafi ta ce Habsa ba ta son abincin likita, in ina da sauran irin farfesun nan in aika. Na ɗora tukunya tun ba ta kai bakin lungu ba.

A pampo an rabu biyu. Wasu sun gaishe ni suna buɗe baki kamar masu hamma. Wata kuma na ga ta ce, "Ƙarya ce, kurma ba ta magana ras haka."

To, ga shi na rubuta sunan. Ba abin da ya same ni.

Asabar, da magariba

Wannan karon ma a tasha Shamsu ya ji. Ya shigo bai zauna ta damana ba, ya tsaya a gabana.

"Tanko ya sani, Inna Tabawa ta sani, mai kabu-kabun da ya kawo ni ya sani. Ni ne na ƙarshe."

Na ce tsoro nake ji. Ya ce tsoron mi. Na ce ya auri mai kunne ɗaya, ban san ko zai zauna da marar ko ɗaya ba.

Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Da ya ɗago sai na ga dariya ce take son kama shi, idonsa kuma ya jiƙe.

"Ramata, tun bara nake shigowa in yi sallama ba ki juyowa. In yi miki magana kina girki, ki yi banza da ni. In kira ki a waya ki ce in rubuto. Na ɗauka kin gaji da ni ne. Har na je na tambayi wani malami a Cirozerin yadda ake yi in mace ta daina son mijinta."

"Mi ya ce maka?"

"Ya ce in riƙa sayo miki kilishi."

Sai yanzu na gane dalilin kilishin nan na kowace Asabar. Muka yi ta dariya, ni har da kuka. Ya ce amma ya ji zafi, kuma zai ɗan jima yana ji. Na ce na yarda.

Na miƙa masa waya na ce ya saurara mini saƙon Habsa. Ya saurara, fuskarsa ta sauya. Ya so ya taƙaita, na ce a'a, yadda ta faɗa. Ya faɗa yana kallona:

"Ramata, ni ba faɗa nake nema ba. Ina kwance ƙarƙashin ƙasa ina jin kekenki. In ya tsaya sai in kira ki da duk ƙarfina. Sai ya ci gaba. Ki faɗa mini abin da na yi miki."

Ban ci abincin dare ba.

Talata, bayan azahar

Shamsu ya roƙi hutun kwana biyu ya kai ni wurin likitan kunne. Likitan yana sanye da abin rufe baki. Kafin in yi magana Shamsu ya ce masa ya sauke, matarsa baki take karantawa. Haka ya faɗa a gaban mutane, kamar yana cewa ina jin Faransanci.

An leƙa kunnuwan da fitila, an sa mini wani abu mai rufe su, aka ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Ta hagu hannuna bai tashi ba ko sau ɗaya. Ta dama ya tashi wani lokaci. Likitan ya ce na hagu ya tafi, ba dawowa. Na dama akwai saura, kuma aparai, na'urar ƙara ji, zai taimaka, amma sai an je Yamai an auna mini. Ba zai mayar da ni kamar kowa ba, ya ce kada in sa rai da haka.

Ya tambaye ni shekara nawa nake haka. Da na faɗa ya ajiye biro ya ce, "Madam, kin sha aiki. Ba ki gajiya da yamma?"

Ina gajiya. Kullum da yamma kaina kamar an ɗora dutse, in na dawo daga biki sai na kwanta. Na ɗauka ragwanci ne. Ba wanda ya taɓa ce mini aiki nake yi.

Za mu je Yamai in damina ta wuce, hanya ta yi kyau.

Alhamis, da la'asar

An sallami Habsa. Ba su tafi Tudu ba.

Na shiga na same ta a ɗaki, ƙafar miƙe a kan matashi, ta rame. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa ƙarasawa. Ta nuna mini gefen gado. Na zauna inda haske yake faɗa wa fuskarta.

Na ce, "Habsa, ban ji ki ba."

"An faɗa mini. Wannan ya wuce. A can likita da Tanko ya gaya mini, kuka na yi, don na huta. Kwana nake ina neman laifin da na yi miki ban samu ba. Amma yanzu wani abu ne ke cina."

"Mi ne ne?"

"Shekara shida ina zuba miki cikina, kina cewa to, kina cewa haka ne. Wanne kika ji a ciki?"

Na ce duk wanda ta faɗa tana kallona na ji, kuma yana nan a raina. Wanda ta faɗa daga bayan katanga ko tana juya tukunya, wannan sai dai ƙarshensa.

"Wanda na faɗa ina miki kitso fa?"

Na ce in tana bayana ba na samun komai.

Ta rufe ido. Ta ce akwai maganar da ta faɗa mini wata rana tana mini kitso, wadda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, na yi kamar ban ji ba. Ta ce ta riƙe ni da ita shekara uku, tana dariya da ni tana riƙe. Na ce ta faɗa mini yanzu. Ta ce ba yau ba, ta gaji.

Na gyara mata matashi, na wanke mata kwanuka na dawo. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma ce in dawo gobe ba. Zan koma.

Juma'a, da safe

Na koma. Ta ce gishirin farfesuna ya yi yawa. Alhamdulillahi.

Lahadi, bayan azahar

Magini ya zo tayar da madafin Habsa. Tanko ya kira Shamsu gefe ya ce tun da ga magini, a sauke katangar tsakaninmu zuwa ƙirji, yadda in wani abu ya faru zan gani. Shamsu ya ce shi ba zai riƙa wanka Tanko yana masa sannu ba. Suka yi ta ja, a ƙarshe aka huda ƴar taga daidai inda nake zama, aka sa mata labule ta gefen Habsa. In tana nemana sai ta ɗaga.

Na jawo keke zuwa baranda, kusa da tagar. Na sa masa mai. Na ɗinke wa Nafisa rigar lakwal, ta kusa dawowa. Ƙafata ta yi ta tsayawa da kanta ina ɗaga kai. Labulen yana nan a sauke, sai in ci gaba.

Ita ma Nafisa sai na zaunar da ita na gaya mata. Mahaifiyata kuma ban san yadda za ta ɗauka ba. Wannan sai na je Tawa da kaina.

Laraba, bayan la'asar

Yau labulen ya ɗaga. Na zagaya na shiga.

Tana zaune a kujera a tsakar gida, ƙafar a kan turmi. Inna Tabawa ta fita, Tanko yana kasuwa. Ta ce in zauna gabanta. Ta jira har na daidaita, sannan ta fara, a hankali, ba ta ɗauke idonta daga nawa ba.

Shekara uku da suka wuce ta samu ciki. Shi ne na farko, kuma har yau shi ne kaɗai. Tanko yana daji, ta ce bari ta jira ya dawo ta faɗa masa baki da baki. A wata na huɗu ya zube, ita kaɗai a ɗaki. Ta gyara wurin da kanta. Ba ta gaya wa Tanko ba don kada ya ce tafiyarsa ce ta jawo. Ba ta gaya wa Inna Tabawa ba don ta san abin da za ta ji. Bayan ƴan kwanaki na shigo kitso, ta ga bayan kaina ya fi sauƙin faɗa wa magana fiye da fuskar mutum. Ta faɗa duka, tana kitso tana hawaye.

"Da na gama na jira. Kin san abin da kika ce?"

Na girgiza kai.

"Kika ce in ɗan sassauta hannu."

Na kama hannun nata. Na rasa ta inda zan fara, sai na fara ta inda ya kamata tun ranar. Na ce, "Habsa, sannu. Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne. Allah ya ba ki mai zama."

Ta ce amin. Ta sake cewa amin. Sannan ta yi kukan da ta ce ba ta taɓa yi a gaban mutum ba, ni ina riƙe da ita har inuwa ta cinye tsakar gida. Ta ce za ta gaya wa Tanko kafin ya koma daji. Na ce in tana so ina nan ranar.

Da ta share fuska ta dubi kaina ta ce, "Wannan kitson naki tun yaushe? Juyo."

Na ce ƙafarta fa. Ta ce ba da ƙafa ake kitso ba. Na zauna ƙasa na ba ta baya. Ta taɓa kafaɗata, ta nuna mini ɗaki, ta ce in ɗauko madubin da ke kan akwati.

Na riƙe shi a gabana, na karkata shi har fuskarta ta shigo. Ta tsaga gashin, ta fara ba ni labarin matar da ke gadon kusa da nata a likita, wadda ta ɓoye ɗan akuya ƙarƙashin gado. Na ji shi tun daga farko har ƙarshe. Hannuna ya yi tsami da riƙon madubi, ban sauke ba sai da ta kama kitso na ƙarshe.